Fawa-fak mai arha da mai tsada: ina kunne ke jin bambanci?

Ɗan'uwanmu na Jekadafari ya yi tambaya jiya: yana haɗa sautin wa'azi da sanarwar biki a shagonsa, sifikunsa na wata ƙara, shin ya canja fawa-fak ɗin kwamfutar, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, ko asarar kuɗi ce?

Malam, fayil ɗin sauti lambobi ne zalla. Ko fawa-fak ɗinka marar suna ne ko na sanannen kamfani irin Seasonic, lambobin da suka taso su ne za su isa katin sauti, ba ragi ba ƙari. A nan kam kunnen doki suka yi.

Suna rabuwa ne a inda lambobin ke komawa wutar da ke kaɗa sifika. Ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera fawa-fak ke bi, ta yarda wuta ta yi rawa har milibolt 120 a layin bolt 12, da milibolt 50 a layin bolt 5. Fawa-fak mai kyau ba ya kusantar wannan iyaka. Mai arhar nan, wanda in ka ɗaga shi sai ka ji sakayau kamar fanko, yakan tsallake ta da zarar kwamfuta ta ɗau aiki. In daga koren ramin bayan kwamfuta kake jan sauti, wato katin da ke jikin madabod (babban allon cikin kwamfuta), kana iya jin siririn kuka irin na sauro, yana sauya murya duk sanda ka motsa maus. Wani lokacin ma laifin madabod ɗin ne. Kuma kada tambarin 80 Plus ya ruɗe ka, tattalin wuta yake nufi, bai ce komai kan tsabtarta ba.

Amma in gurnani ne mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka, wannan bugun wutar gari ne, sau 50 a daƙiƙa, yana shigowa ta wayar ƙasa. Mai tsada da mai arha duk ba su da maganinsa. Ni na taɓa sayen sabon fawa-fak saboda shi, na ɗaura, gurnani na nan daram. Ashe amfilifaya na soket ɗin bango ɗaya, kwamfuta na wani. Da na haɗa su a soket guda sai tsit.

Don haka ka fara gwada wannan, kyauta ne. In ƙarar ba ta tafi ba, ni dai kuɗina katin sauti na waje zan kai su, irin Focusrite ko Behringer, da wayar XLR ko TRS, masu rage ƙara, zuwa sifiku in suna da ramin. Katin na waje shi ma daga USB yake shan bolt 5, sai dai yana tacewa, kuma ya fita daga hayaniyar cikin akwati.

Fawa-fak mai kyau ka saya don ran kwamfutarka, musamman in rabin yini a kan janareta take. Ka ɗauko mana ƙarar da wayarka ka turo, mu ji ko sauro ne ko gurnani.