Gwajin Embark: Ya Fi Ido Gane Asalin Kwikwiyo, Amma Ba Takardar Salsala Ba Ne

Duk mai sayar da kwikwiyon German Shepherd, wanda aka fi sani da karen 'yan sanda, kunnuwa yake fara nuna wa mai saye. Amma kunnen kwikwiyo ɗan wata 2 ba hujja ba ne. Na asalin ma yakan miƙe, ya sake langaɓewa lokacin famfara, wani sai ya kai wata 5 ko 6 kafin ya tsaya cak. Launi ma haka: mai baƙi da ja kusan baƙi wuluk ake haihuwarsa, daga baya jan yake bazuwa a ƙafafu da fuska. Ɗigon jan nan na saman ido da ake gane karen jinsin Rottweiler da shi kuwa, ruwa biyu ma yana fitowa da shi. Ɗan farin gashi a ƙirji, da wasu ke ƙin kwikwiyo saboda shi, ana samunsa jikin tsantsar jinsi.

A nan kayan gwajin Embark suke da rana. Kamfanin na Amurka ne, 'yan'uwa biyu, Ryan da Adam Boyko, suka kafa shi a 2015, kuma yana aiki da kwalejin likitancin dabbobi ta Jami'ar Cornell. Yana auna ƙwayoyin halittar kare da na jinsi sama da 350.

Aikin ba wuya. A kwalin akwai tsinke mai kan soso da 'yar kwalba mai ruwan da ke hana samfuri lalacewa. Da farko a yi rajistar lambar kwalbar a intanet, domin in an manta ba a san karen wa aka gwada ba. A hana kwikwiyon cin komai na minti 30, sannan a goga tsinken tsakanin kunci da dasashi na daƙiƙa 30 zuwa 60 har ya jiƙe da yawu. A juya shi cikin kwalbar, a ɗaure murfin tam, a girgiza sau 10. Sakamako yakan fito mako 2 zuwa 4 bayan samfurin ya isa.

Inda aka fi ɓata gwajin shi ne wajen kwikwiyon da ba a yaye ba. Bakinsa na ɗauke da nonon uwa da yawun 'yan'uwansa da suke wasan cizo, sai samfurin ya gauraya. Gara a jira yaye, a kuma ware shi na ɗan lokaci kafin a goga. In kuma ya tauna tsinken maimakon a goga masa, abin da aka ɗebo ba lallai ya isa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ɗaukar karnukanmu na gida. Yana da rukuni na karnukan ƙauyen Afirka ta Yamma, ba ya ƙaƙaba musu sunan wani jinsin Turai. Wannan ya samo tushe daga binciken Adam Boyko kan karnukan ƙauyukan Afirka. Don haka in an haɗa German Shepherd da karyar unguwa aka sayar maka a matsayin tsantsa, nan asiri zai tonu.

Aibinsa biyu ne. Kuɗinsa kusan dala 100 zuwa 200 ne gwargwadon nau'i, kuɗin mayar da samfurin kuma, mai aikawa daga Kano ko Maraɗi shi zai biya. Na biyun ya fi muhimmanci ga mai kiwo: sakamakon kashi 100 ba ya sa ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta rubuta kare a matsayin tsantsa, sai da rajistar uwa da uba.

Kuma sakamakon yakan zo ne bayan an biya kuɗin kwikwiyo. Don gudun cinikin biri a sama, sai a je a ga uwar tana shayarwa, a nemi ganin uban, a kuma rubuta yarjejeniyar mayar da kuɗi idan gwaji ya nuna ruwa biyu ne.