Adadin da aka jefo da adadin da aka ƙirga

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne abin da ake yaɗawa, wai kashi kaza cikin ɗari na malaman makarantun kasuwanci a Amurka daga Harvard, Stanford da Wharton (makarantar kasuwanci ta Jami'ar Pennsylvania) suka samo digirin digirgir. Bari mu ajiye maganar kusa da wadda aka yi wa ƙidaya.

Ta farkon ba ta da uwa ba ta da uba. Ba a ce wa ya ƙirga ba, ba shekara, ba yawan makarantu.

Ta biyun binciken Aaron Clauset ne da abokan aikinsa biyu, wanda mujallar Science Advances ta buga a 2015. Sun bi sawun malamai kusan 19,000 a nahiyar Amurka ta Arewa, a fannoni uku: kimiyyar kwamfuta, tarihi da kasuwanci. Suka gano cewa kashi 25 na jami'o'in ne suka yaye kashi 71 zuwa 86 na malaman, gwargwadon fanni. To a nan nake so ka tsaya. Makarantun kasuwanci 112 suka duba, rubu'insu kuwa 28 ne, ba uku ba. Kuma masu gurbin farfesa na dindindin da masu kan hanyar samunsa kawai aka ƙirga. Tsohon manajan banki da aka ɗauko ya koyar da darasi ɗaya ba ya ciki, alhali irinsa suna da yawa a makarantun kasuwanci. Sauya waɗanda ake ƙirgawa kaɗai ya isa ya sauya adadin.

Akwai kuma na 2022 a mujallar Nature, wanda ya haɗa dukkan fannoni, malamai kusan 300,000. Jami'o'i biyar, Berkeley, Harvard, Michigan, Wisconsin da Stanford, su suka horar da ɗan fiye da ɗaya cikin takwas na malaman da suka yi digirinsu a Amurka. Uku daga cikin biyar ɗin ma na gwamnatin jiha ne, abin da masu yaɗa labarin ba sa ambata.

Ni a ganina maganar farko ta hango gaskiya daga nesa, don tabbas 'yan tsirarun jami'o'i sun mamaye kasuwar, sai dai an zuba mata gishiri har ya yi yawa. In wanda ya turo maka ita ya dage, tambaye shi makarantu nawa aka ƙirga.