Kundin Shekarun Ingila ta Dā a Fassarar Swanton: Ya Ci Kuɗinsa, Amma Sai Mai Haƙuri

Wanda zai sayi The Anglo-Saxon Chronicle a fassarar Michael Swanton, gara ya sani tun farko cewa shafukan farko za su gwada haƙurinsa. Shekara, sai layi ɗaya. Sarki wane ya mutu, wane ya hau. An yi husufin rana. Tsuntsaye sun mutu da yawa. Na ba wani abokin aikina, malamin tarihi kamar ni, aron nawa, ya dawo mini da shi kafin mako ya zagayo, ya ce wannan ai rajista ce ba littafi ba. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya ajiye shi tun kafin a kai inda nama yake.

Kundin kansa an fara tara shi a ƙarshen ƙarni na 9, a zamanin Sarki Alfred na Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. Da tsohon Turanci aka rubuta shi, a lokacin da kusan duk wani rubutun tarihi a Yammacin Turai da Latin ake yi. Aka yi kwafe-kwafe aka rarraba gidajen sufaye, kowane gida ya ci gaba da ƙara nasa. Shi ya sa yau ba kundi ɗaya ba ne. Akwai na Winchester, wanda ya fi tsufa, yana Kwalejin Corpus Christi a Cambridge. Akwai biyu da ake dangantawa da Abingdon, ɗaya da Worcester, sai na Peterborough da ke Oxford, wanda aka kwafa bayan gobarar 1116 ta cinye gidan sufayen, aka kuma ci gaba da shi har 1154.

A nan ne Swanton ya yi abin da ya sa na ce littafin ya ci kuɗinsa. Bai dama kwafe-kwafen wuri ɗaya ya fitar da labari mai santsi ba. Ya jera su daban-daban, kowanne da sunan garinsa, don ka ga da idonka inda suka yarda da juna da inda suka saɓa. Duba 937. Wasu kwafen sun kawo waƙar yaƙin Brunanburh cikakkiya: Sarki Athelstan da ƙanensa Edmund, sarakuna biyar matasa kwance a fage, hankaka da gaggafa da kyarkeci sun taru a kan gawarwaki. Na Peterborough kuwa layi ɗaya ya ba yaƙin ya wuce. Ko rikicin Godwin, babban hakimin Wessex, da Sarki Edward a 1051: wannan marubuci na bayan Godwin, wancan bai ƙaunace shi ba, kuma ba wanda ya fito ya ce ga ɓangarensa. Kai ne za ka gane daga abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye.

Shigarwar da na fi komawa gare ta ita ce ta 755. Bayan shafuka na layi ɗaya-ɗaya, kwatsam sai ga labari. Sarki Cynewulf ya tafi wurin wata mace a Meretun da 'yan rakiya kaɗan. Cyneheard, ɗan'uwan sarkin da Cynewulf ya tuɓe, ya samu labari, ya zo ya kewaye ɗakin kafin dogarai su farga. Sarki ya tsaya a bakin ƙofa yana kare kansa, da ya hango Cyneheard sai ya fito ya auka masa, ya ji masa mummunan rauni, mutanen Cyneheard kuma suka taru suka kashe sarkin. Kukan matar ne ya tashi mutanensa. Aka yi musu tayin dukiya da ransu, babu wanda ya karɓa, suka yi ta faɗa har suka ƙare, sai mutum ɗaya da ake riƙe da shi garkuwa, shi ma jina-jina. Washegari sauran rundunar sarki ta iso. Yanzu Cyneheard ne a ciki, ƙofa a kulle. Ya yi musu tayin ƙasa da kuɗi, ya kuma tuna musu cewa akwai danginsu a tare da shi. Suka ce babu dangin da ya fi musu ubangidansu. Suka ce wa dangin nasu su fito lafiya, su ma na ciki suka ƙi, suka ce an yi wa mutanen sarki irin wannan tayin jiya ba su karɓa ba. Duk wannan bai cika shafi biyu ba, kuma marubucin bai tsaya ya yabi kowa ko ya zargi kowa ba. Da ya gama sai ya faɗi inda aka binne kowanne, sarki a Winchester, ɗan sarauta a Axminster, ya koma lissafin shekarunsa kamar ba abin da ya faru.

Swanton ya bar wa wannan wuri kaushinsa. Akwai jimlolin da “su” ke bin “su” har sai ka koma baya ka tantance wa ke magana. Da farko abin ya dame ni, amma haka asalin yake, kuma na fi son a ba ni shi haka da a goge mini shi.

Ta fuskar tarihi kuwa, sai mutum ya yi taka-tsantsan, kuma hashiyar da ke ƙasan kowane shafi tana taimakawa sosai. Abin da kundin ya faɗa game da ƙarni na 5 da na 6 an rubuta shi ne bayan ɗaruruwan shekaru. Hengest da Horsa sun sauka a 449, wani mai suna Port ya sauka a Portsmouth a 501, kuma ba sai an gaya maka ba cewa daga sunan garin aka ƙago mutumin. Wanda ya taɓa karanta farkon Tarihin Kano, inda Bagauda da Barbushe suke tsakanin tarihi da almara, ya san irin wannan ƙasa. Bambancin shi ne namu sarki-sarki yake bi, nasu shekara-shekara, kuma shekarar da aka rubuta da lamba tana sa mutum ya yarda da abin da bai kamata ya yarda da shi ba. Ko 755 ɗin da na ambata, 757 ce a gaskiya, don akwai dogon zango da lissafin ya zame da shekara biyu, Swanton kuma yana nuna gyaran.

Sannan kundin na gidan sarautar Wessex ne, ba ya ɓoyewa. Alfred a 878, ya ɓuya cikin fadamar Athelney da 'yan mutane kaɗan, ya fito ya ci maharan Denmak a Edington, shugabansu Guthrum ya karɓi baftisma: duk an faɗa, kuma an faɗa yadda zai ƙara masa girma. Amma 'yarsa Æthelflæd, wadda ta mulki Mercia tana gina garuruwa masu ganuwa har ta ƙwace Derby a 917, kwafen Winchester kusan mutuwarta kawai ya ambata. Sai a kwafen Abingdon da na Worcester za ka ga aikinta. Wanda ya karanta kwafen Winchester kaɗai ba zai san abin da wannan mata ta yi ba.

Inda na fi jin muryar mutum shi ne zamanin Sarki Æthelred. Wanda ya rubuta waɗannan shekaru ransa a ɓace yake. A 991 aka biya mahara fam 10,000 don su tafi. A 994 aka biya 16,000, a 1002 24,000, a 1012 48,000. Yana lissafawa yana cizon yatsa, yana cewa idan abokan gaba suna gabas sai ka tarar da runduna a yamma, idan suna kudu tana arewa, kuma ba a neman sulhu sai bayan an gama ɓarna. Haka ma wanda ya rubuta mutuwar William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Ya ce shi ya gan shi da ido, ya taɓa zama a fadarsa. Ya yaba masa cewa a zamaninsa mutum na iya ratsa ƙasar da zinariya a ƙirjinsa ba mai taɓa shi, sannan ya ce yana son barewa kamar shi ya haife su, wanda ya kashe ɗaya a makantar da shi. Game da ƙidayar dukiyar da William ya sa aka yi, an ce ko sa ɗaya, ko saniya, ko alade ba a bari ba a rubuta ba, kuma abin kunyar faɗa ne amma shi bai ji kunyar yi ba. Shigarwar 1137 kuma, kan shekara 19 na Sarki Stephen, ba ta karantuwa da dare: a rataye mutum ta ƙafa a turara masa hayaƙi, a ɗaura masa igiya mai ƙulli a ka a yi ta murɗawa, har jama'a suka riƙa cewa Almasihu da waliyyansa barci suke.

Abin da ban ji daɗinsa ba kaɗan ne. Rubutun hashiya ƙanana ne ƙwarai, mai tabarau zai sha wuya. Saboda yadda aka jera kwafen, wani lokaci kana tsakiyar jimla sai ka tsallake shafi kafin ka ci gaba, mutum yakan ɓace sai ya saba. Babu tsohon Turancin a ciki, fassarar ce kawai, don haka ɗalibin harshe sai ya nemi wani bugun. Nawa na hannu ne, mai fatar takarda, kuma dillalin da ya kawo mini ya ce kamar sabo yake, ya iso bayansa a karye, wani ya ja layi da biro ja a duk shekarun Alfred. Taswirori da jadawalin zuriyar sarakuna da ke baya kuwa sun fi ƙarfin a raina su, don idan Æthelred da Æthelwulf da Æthelbald suka taru a shafi ɗaya ba abin da zai cece ka sai su.

Wajen nema a kula: an fara buga shi a 1996 da suna Chronicle, bugun baya kuma an sa masa Chronicles, aikin Swanton ɗin ne dai. Idan ya zo hannunka, kada ka fara daga shafi na ɗaya. Buɗe 755 tukuna, sannan 878, sannan ka tsallaka 991 ka bi Æthelred har mutuwarsa a 1016, yatsa ɗaya a jadawalin zuriya.