Shagon Tsofaffin Kaset a Aboabo, Inda Kuntigi da Jitar Lantarki Suke Zaune a Kanta Ɗaya

Mahaifina ya rasu ya bar mana akwati guda cike da kaset, mafi yawansu na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kuma mun shafe shekaru ba mu da rikodar da za mu saurare su da ita. Neman wanda zai juye mini su zuwa memori ne ya kai ni wani ƙaramin shago a Aboabo, nan Kumasi, inda wani dattijo yake sayar da tsofaffin kaset da fayafayen garmaho.

Aikin juyin ya gamsar da ni ƙwarai. Na ga yadda ya ɗauki wani kaset da zarensa ya tsinke, ya kwance shi a kan farin ƙyalle, ya haɗa bakin zaren biyu da ɗan siririn salatif, sa'an nan ya zura biro a ramin yana naɗewa a hankali kamar mai jinyar jariri. Da ya kunna, sai muryar Shata ta fito tare da kalangai, ba tare da ya danne ƙarar ba har ta rasa armashinta, kuskuren da samari masu juyi da kwamfuta suke yawan yi.

Sai dai abin da ya fi zaunar da ni shi ne yadda ya jera kayansa. Bai raba su bisa ƙasa ko harshe ba, ya raba su ne bisa dangantakar da kunnensa yake ji. A kanta ɗaya na tarar da Ɗan Maraya da King Ayisoba, mai kaɗa kologo daga arewacin Gana, da Ali Farka Touré na Mali, da Mdou Moctar na Nijar. Da na nuna mamaki, sai ya ce, "Ɗana, rufe idonka ka saurara, kada ka dubi hoton bangon." Ya fara da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya bi da kologo mai tsirkiya biyu, ya ƙare da faifan Mdou Moctar mai suna Afrique Victime na 2021, wanda jitar lantarki take kuka a cikinsa kamar za ta tsaga lasifika. Hakika na ji abin da yake nufi: gajeren kiɗa guda ne ake ta maimaitawa, yana juyawa yana ƙara zafi, mawaƙi yana kira 'yan amshi suna karɓa. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, bai bar kiɗan gidansu ba don ya shiga kiɗan rok, lantarki kawai ya sa masa.

"Baba, ai wannan sabon abu ne," in ji ni. Bai yi musu ba, sai ya zaro faifan farko na Osibisa na 1971, ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1969 ƙarƙashin Teddy Osei, haifaffen wannan gari namu, wadda ta haɗa gangunan Gana da jitar rok tun kafin a haife ni. Ya kuma tuna mini cewa a ranar 6 ga Maris ta 1971 ce makaɗin jitar rok Carlos Santana ya yi wasa a Akara a bikin Soul to Soul. Faifan Talking Timbuktu, wanda Ali Farka Touré ya yi da Ba'amurke Ry Cooder a 1994 har ya ci kyautar Grammy, yana da shi, amma ya ƙi sayarwa, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Ya yi mini alkawarin kwana uku, aikin ya kai kwana goma, ko da yake ɗauke wuta yana da nasa kason laifi. Waƙoƙin da ke cikin memorin ba su da suna, lambobi ne kawai, don haka na kwashe dare biyu ina saurare ina rubutawa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yana juye wa mutane sababbin fayafayen mawaƙan da suke raye suna neman abinci da sana'arsu. Ceto kaset ɗin da ya kusa ruɓewa alheri ne, amma juye aikin mai rai ba tare da ya samu ko sisi ba tauye masa haƙƙi ne, kuma na faɗa masa haka cikin ladabi.

Wanda yake da tsofaffin kaset a gida ya kai masa kafin damina ta ƙarasa su, ya kuma rubuta sunayen waƙoƙin a takarda ya haɗa da su. Ya fi kyau a je da hantsi, lokacin da babu cunkoso, domin a lokacin ne dattijon yake samun sukunin kunna faifai ya yi bayani.