Manhajar da ke tashi na hawa sikeli kowace safiya

Wata takwas ke nan da wata ma'aikaciyar jinya ta saka mini wannan manhaja a waya, ranar da aka sallame ni daga asibiti. Ciwon zuciya ne, ya biyo bayan haihuwata ta uku. Zuciyar ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafafu da huhu. Da dare sai na jera filo uku kafin numfashi ya daidaita. Likita ya ce wannan ciwo na masu jego ya yi yawa a nan Arewa, ya kuma raba ni da kunun kanwa, don kanwa da gishiri ɗaya suke a wurin zuciya.

Aikin manhajar bai taka kara ya karya ba. Da safe, bayan na zaga kuma kafin karin kumallo, sai ta yi ƙara, in hau sikeli in rubuta nauyina. Ta tambaye ni ko ƙafa ta kumbura, da filo nawa na kwana, sannan ta tuna mini ƙwayar furosemide, wadda mu muke ce wa maganin fitsari.

Da farko gani nake ɓata lokaci ne. Sai muka yi bikin ƙanwar maigida a unguwar Runjin Sambo nan Sakkwato, kwana uku ina cin shinkafar taro da miya mai dunƙule, ga kilishi. Ban ji komai ba, takalmi ne kawai ya ɗan matse ni. Amma nauyina ya tashi daga kilo 61 zuwa 63 da rabi, allon wayar ya koma ja. Ƙa'idar ita ce, ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba. Na kira asibiti, likita ya ƙara mini magani na 'yan kwanaki, kumburin ya saɓe ban kwanta gado ba. Wannan kaɗai ya biya kuɗin data.

To amma wanda ya ƙera manhajar bai taɓa shan ranar Sakkwato ba. An sa mata cewa lita ɗaya da rabi na ruwa kawai zan sha a yini, ta kuwa kafe a kai har cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ina gumi ina jiri. Sai da na koma wurin likita ya gyara adadin. Jerin abincinta babu tuwo, babu miyar kuka, balle yaji, don haka gishirin da kaina nake kintata shi. Kuma komai da Turanci. Maƙwabciyata a Mabera irin ciwonmu ɗaya, sai ɗanta ya dawo daga makaranta yake karanta mata, alhali awon na safe ne.

Inna, uwar maigida, har yanzu ba ta yarda da manhajar ba. In ta ji ƙarar sai ta ce, “Ɗiyata, wagga waya ta hana ki sakat.” Amma na lura kwanan nan ita ke fara tambaya: “Nawa yau?”

Mai son gwadawa ya fara sayen sikeli. Namu mai allura ne, ba ya cin batir, a Babbar Kasuwa maigida ya samo shi.