Akwatin cajin kayan nutso: abin da na gani bayan kwana huɗu a tekun Lis

Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, mukayyif kamar yadda muke cewa a nan Jidda, don haka ni da wuta mun daɗe da sanin juna. Nutso kuwa shekara shida ke nan da na fara shi a Ubhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda, ranar Juma'a bayan an sauko ko Asabar da sassafe. A fita ta wuni guda caji ba ya damun kowa: ka cika komai a gida, ka dawo kafin isha. Wahalar tana ga tafiyar da ake kwana a jirgi.

Bara na zuba cajojina duka a jaka ɗaya da tawul mai danshi. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita ɗaya, alhali na sauran bai wuce wajen 35 ba, kuma gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji. Rana ta biyu bakin cajar kwamfutar nutson da nake ɗaurawa a hannu ya yi kore shar, ta ƙi ɗaukar wuta, ta mutu. Wanda ba ya nutso zai ce ai sai ka ari ta wani. Ba ya yiwuwa. Ita ce ke riƙe da lissafin iskar naitirojin da jikinka ya tara tun nutson farko, ta aro kuwa ba ta san inda ka je jiya ba. Jagoranmu ya ce awa 24 ba zan taɓa ruwa ba, kuma gaskiyarsa. Na wuni a kan jirgi ina miƙa wa mutane tawul, zuciyata kamar ta fashe.

Wannan ne ya kai ni wani shagon kayan nutso a hanyar Ubhur. Dattijon da ke tsaron wurin Bahaushen Bur Sudan ne, ya yi shekaru yana aiki a jiragen da ke kai baƙi wuraren nutso na Sanganeb da Sha'ab Rumi, inda masanin teku ɗan Faransa Jacques Cousteau ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Da na ba shi labari bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ɗana, kayan jiƙa daban, kayan bushe daban. Wanda ya haɗa su ya saya wa kansa." Na ce, "Kawu, to me za ka ba ni?" Sai ya jawo wani baƙin akwatin roba mai tauri da su suke haɗawa a shagon, ya ce riyal 620, babu ragi.

Girmansa bai wuce na jakar da ake shiga jirgin sama da ita ba. Murfinsa na da zoben roba da ke hana ruwa shiga. Ciki an raba shi gida-gida da allunan soso masu cirewa, a kusurwa kuma an ɗaure caja mai baki shida, wat 100, huɗu USB-C biyu USB-A. Kanta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda shi ne soket ɗin Saudiyya, kuma tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Na duba wannan da idona a jikinta kafin in biya, domin janaretan jirgi ba shi da tabbas.

A watan Mayu muka gwada shi. Mu tara muka tashi daga Jidda da asuba zuwa Lis, tafiyar kusan kilomita 200 kudu, daga can jirgi ya ɗauke mu zuwa duwatsun murjani na Farasan, wajen tsibirin Mar Mar. Nutso huɗu a rana, na ƙarshe bayan magariba. Abin da nake ciyarwa da wuta: kyamarar GoPro da batir uku, tocila biyu masu batirin litiyam mai lamba 18650, fitilar bidiyo mai batir lamba 21700, sabuwar kwamfutata Shearwater Peregrine, waya, da fawa banki. Peregrine ɗin a kan faifai take caji, ba ta da baki ko ƙarfen da gishiri zai ci, kuma dalilin da ya sa na saye ta ke nan.

Teburin cajin jirgin soket shida ne ga mutum tara da ma'aikata. Can ne akwatin ya biya kuɗinsa. Soket ɗaya na kama, komai nawa na ci a wuri guda, ban zare wa kowa waya ba, ba wanda ya zare mini. Amma abin da ya fi burge ni ba cajar ba ce, rabon gidajen ne. Na manna farin tef a ɓangaren dama, ja a hagu. Batirin da ya cika ya kwana a dama, wanda ya fito daga ruwa ya tafi hagu. Da dare, ana kiran a sa kaya, jiki a gajiye, hannu na zuwa dama ba sai na yi tunani ba. Duk wanda tocila ta taɓa mutuwa masa a zurfin mita 18 cikin duhu ya san darajar wannan. Na kuma sa wa kaina doka: sai na wanke hannu da ruwan daɗi na goge shi sarai kafin in ɗaga murfi. Ƙullin silika uku da ke ciki suna shan raɓar iska, amma ba za su shanye ɗigon gashin kai ba.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma na farko ba ƙaramin abu ba ne. An huda ƙaramar kafa ta igiyar wuta a gefe, mai toshiya, wadda ke sa mutum ya ɗauka ana iya caji a rufe. Kada ka kuskura. Rana ta farko na rufe shi kusan minti arba'in, rana kuma ta zagayo ta same shi. Na auna da ma'aunin zafin da nake aiki da shi, cikin ya kai digiri 58. Masu ƙera batirin litiyam suna cewa kada a yi cajinsa sama da digiri 45. Caja na fitar da zafi, batir na fitarwa, soso na riƙewa, baƙar roba na jan rana. Ya kamata a rubuta wannan gargaɗi a murfin da manyan baƙaƙe, kuma babu ko kalma.

Kyaftin ɗinmu ma ba ya wasa da batun. Ƙarfe goma na dare yake kashe teburin, kuma ya hana caji a ɗakin kwana. Wasu sun yi gunaguni, ni ban yi ba. A Satumban 2019 jirgin nutso mai suna Conception ya kama da wuta cikin dare a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka rasu a ɗakin barci. Masu bincike ba su yanke hukunci kan abin da ya tada wutar ba, amma tun daga lokacin jirage da yawa suka daina barin batir a soket ba mai gadi. Da caja mai baki shida, tazarar da ke tsakanin nutson safe da na azahar ta ishe ni cika rabin kayana, sauran kuma bayan la'asar.

Na biyu, duk sanda na soka sabon abu, cajar takan ɗauke wa sauran wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta sake rabo. Halin irin waɗannan cajoji ne, sai dai cajar batirin tocila takan koma farkon lissafinta. Maganinsa ka soka komai lokaci guda ka bar su. Na uku nauyi, ya haura kilo uku ba komai a ciki.

Mai hawa jirgin sama ya tuna batirin da ba ya cikin na'ura ba ya shiga kayan awo, a hannu ake riƙe shi, kuma wanda bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) ba ya buƙatar izini. Fawa bankina mai mAh 20,000 Wh 74 ne. A naɗe bakin kowane 18650 da tef ko a sa shi a gidansa na roba, kada ya haɗu da makulli ko tsaba.

Mai fita Ubhur wuni guda ya riƙe kuɗinsa, robar abinci mai murfi ta ishe shi. Mai kwana a teku da kyamara da fitilu kuwa, ina ba shi shawarar ya saya, da sharaɗin murfi a buɗe, a inuwa, ido a kai. Da na dawo na kai wa Kawu hoton ma'aunin yana nuna 58. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai nemo masu launin rawaya ko fari a oda ta gaba. Nawa dai na riga na shafe murfinsa da farin fenti, na kuma toshe kafar igiyar da gam.