Garin abincin ƙaguwa mai dawo da launi: wata bakwai ina gwada shi

A jikin gwangwanin an rubuta cewa cikin 'yan makonni ƙaguwarka za ta yi jajawur. Wannan maganar ce ta sa na saya, kuma ita ce har yau take ba ni haushi, ko da yake garin da ke ciki ba shi da laifi sosai.

Ƙaguwa uku nake kiwo, irin masu aron gidan nan da ke cusa bayansu mai laushi cikin ƙwanson katantanwa su riƙa yawo da shi. Biyu 'yan yankin Karibiyan ne, Coenobita clypeatus, masu babban awartaki ruwan shunayya. Ta ukun Coenobita perlatus ce, wadda masu kiwo ke kamanta ta da sitiroberi saboda jan jikinta da ɗigo-ɗigon fari. Ita ta jawo duk wannan hidima. Ranar da ta zo hannuna ja ce wur. Da ta yi saɓar farko sai ta fito ruwan lemo, ta biyu kuwa ta fito a koɗe kamar zanen da ya sha wanki ya sha rana. Lafiyarta ƙalau, tana ci, tana hawa reshe, amma launin ya gudu.

Laifina ne. Ƙwayoyin abincin gwangwani nake zuba musu, wani lokaci in yanka ɗan tuffa ko ayaba. Ashe ƙaguwa ba ta iya haɗa jan launin nan a jikinta, sai ta ci shi. Sinadaran da ake kira karotinoid ne ke ba ta, babbansu shi ne astazantin, wanda ke cikin jatan lande da kiril (ƙananan halittun teku masu kama da jatan lande) da wasu nau'o'in gansakuka. Irinsa ne ke rina gashin tsuntsun filamingo da tsokar kifin salmon. Shi ne kuma ke sa jatan lande ya yi ja idan ya ji wuta, domin zafi yana raba shi da furotin ɗin da ke ɓoye launinsa. Tuffa da ayaba ba su da abin kirki ta wannan fanni.

Garin da na sayo haɗi ne na busasshen kiril, jatan lande, karas, sifirulina (wani nau'in gansakuka), da gansakukar Haematococcus pluvialis wadda daga ita ake samun astazantin mai yawa. Kafin in biya sai da na karanta bayan gwangwanin tas, ina neman etoksikwin, sinadarin da ake sa wa wasu abinci don kada su lalace, da kuma sinadarin tagulla, waɗanda masu kiwon ƙaguwa ke gudu. Babu ko ɗaya. Nan kam na yaba musu.

Suna cinsa kuwa. Daren farko na zauna da ƙaramar tocila ina kallo. Babbar 'yar Karibiyan ta zo bakin kwanon, ta taɓa garin da 'yan gashin bakinta, sannan ta sa ƙaramin awartakin ta tsinto ɓarin kiril ta kai baki, ta sake tsintowa, a tsanake kamar mai tsintar tsakuwa. Da safe kiril ɗin duk ya ƙare, karas na nan yadda na zuba shi. Haka suke yi har yau, suna zaɓe.

Ƙarninsa dai sai haƙuri. Kuma akwatin gilashin ƙaguwa dole ya kasance da laima kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 29, domin da gaɓa irin ta kifi mai buƙatar danshi suke numfashi. A irin wannan yanayi garin ba ya kwana biyu bai yi fumfuna ba. Dole na koma zuba ɗan abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba da yamma, in kwashe saura da safe. Murfin gwangwanin ma ba ya rufuwa ruf, sai da na juye shi a kwalba.

Makonnin da suka yi alkawari suka wuce, wata huɗu cur, ban ga komai ba. Ɓawon jikin ƙaguwa ya riga ya ƙafe da launinsa, ba a rina shi daga baya kamar tufa. Abin da ta ci a sabon da ke tsirowa ƙarƙashi yake taruwa, kuma ƙaguwa ba ta saɓa don an matsu. Ƙanana sukan yi sau da dama a shekara, manya kuwa sai su shekara ko fiye. Wanda ya rubuta "'yan makonni" ko dai bai taɓa kiwon ƙaguwa ba, ko kuwa ya san wa yake yi wa talla.

A wata na biyar mai launin sitiroberin ta fara daɗewa a kwanon ruwan gishiri, idonta ya yi hazo-hazo, sai tono. Wata safiya na neme ta na rasa, ta shige cikin yashin, wanda zurfinsa ya haura santimita 15. Mako bakwai ba labari. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in tona in duba, na daure, domin tono ƙaguwa tana tsakiyar saɓa yana iya zama ajalinta.

Ana cikin wannan jira ƙaramar 'yar Karibiyan ta yi tata saɓar a fili, kan yashi. Na tarar da ƙafafu da awartaki a yashe bakin ƙwanson, gabana ya faɗi, har na ɗauko takarda zan naɗe in zubar. Sai na ji babu warin ruɓaɓɓen kifi. Na haska ciki, ga ta can ƙurya, ruwan hoda fayau, jiki lagwai-lagwai. Na yanke gorar roba na kifa mata, bakin a buɗe don iska, kada babbar ta far mata. Cikin 'yan kwanaki ta cinye saɓar, abin da suke yi ke nan don maido da kalsiyam. Da a ranar farko na yanke wa garin hukunci, da na ce ya ƙara koɗar da ita. Sai da jikin ya yi tauri launin ya zauna: ƙafafu ja mai duhu, awartakin shunayya sosai, fiye da yadda na san ta.

Mai launin sitiroberin ta fito da dare, ƙarar ƙwansonta a jikin gilashi ce ta sanar da ni. Tsinin ƙafafunta baƙi ƙirin kamar allura, gashin jikinta sabo. Launin ya dawo, amma ba duka ba. Ja ne mai ratsin lemo, ɗigon farin ya fito raɗau, sai dai idan na ajiye hotonta na ranar farko kusa da ita, da saura. Babbar 'yar Karibiyan kuwa, wadda ta fi kowa cin kiril, da ta yi tata saɓar kusan yadda ta shiga haka ta fito. Jinsi da shekaru da gado suna da nasu rabon, gari ba ya mai da ruwan ƙasa ja.

Yabon ma ba na garin kaɗai ba ne, don a watannin nan na ƙara musu ɗanyen tattasai da kabewa da dakakken ɓawon ƙwai. Tattasan sun fi sonsa a kan busasshen karas ɗin nesa ba kusa ba.

Zan sake saya, amma ƙaramin gwangwani, don babban sai ya lalace ba su ci rabinsa ba. Kwalbar na cikin firiji. Jiya kuma na ga sabon rami a gefen kwanon ruwan gishiri.